Shafi Goma Sha Ɗaya Da Na Ƙara Wa Jan Bango

Ranar Laraba ɗayanku ya tsaya bakin rumfar nan yana jiran salularsa ta cika caji, ya gan ni ina shafa ƙaro a bayan wani littafi, ya ce, "Baba Sale, kai kam ka huta. Zama kawai, littafi ya fita, littafi ya dawo." Ban ce masa komai ba, don akwai zare a bakina. To yau ba komai a bakin, sai ku gyara zama.

Shekara uku na yi a Damagaram wajen maigidana Malam Ƙasimu mai ɗinkin littattafai, Allah Ya jiƙansa. Wata shida na farko ban taɓa littafi ba. Ƙaro nake jiƙawa, in dama, in tace da tsumma. In na gama sai in ja zare a kan kakin zuma, don kada ya tsinke, kada kuma ya ci takarda. Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai, ƙamus ne na wani malamin asibiti, mai kauri kamar tubali, bayansa ya rabu gida uku. Na huda da basilla, na ɗinke, na yanka kwalin sukari na yi masa bango, na lulluɓe da baƙin yadi, na danne da dutse kwana biyu. Da na ɗaga dutsen ni kaina sai da na ja da baya na kalle shi. Malam Ƙasimu ya karɓa, ko bangon bai duba ba. Ya lashi yatsa ya shiga buɗawa. Can wajen tsakiya ya tsaya, ya juya littafin, ya sake juyawa.

Ya ce, "Sale, mai ƙamus ɗin nan da ka yake tafiya?"

Kashi guda na ɗinke a kife, shafi talatin da biyu ƙafa sama. Ya miƙo mini reza ya ce in farke. Ranar ya gaya mini dokarsa: kafin ka huda ka bi shafi ɗaya-ɗaya har ƙarshe, bayan ka ɗinke ka sake bi. In shafi ya ɓata, ka nemo ɗan'uwan littafin a wajen wani, ka kwafe abin da ya ɓata a keken rubutu, ka saka, ka gaya wa mai shi. In ba ka samu ba, ka bar farar takarda a wurin, ka gaya wa mai shi. Duk maganarsa a nan take ƙarewa, ka gaya wa mai shi.

Da na dawo Matameye na kama shago a bakin kasuwa. Kayan aikina ba su cika kwando ba: basilla biyu, almakashi, reza, dutsen danna littafi, dutsen guga na gawayi don miƙar da takardar da ta sha ruwa, sai tsohon keken rubutu da maigidana ya sallame ni da shi. Keken nan ba ya da ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa, sai na gama bugawa in bi da bik, wato biro, in lanƙwasa musu kai ɗaya-ɗaya. Ɗinki kaɗai ba ya ciyar da mutum a garin nan, shi ya sa na haɗa da hayar littafi. Masu zuwa cin rani Kano da Kaduna su ne suke kawo mini, a cikin buhu, haɗe da tsofaffin takalma da rediyon da ba ya magana. In zauna in ware, wanda ya rabu in ɗinke, wanda ya yi mai in goge, in buga masa lamba.

Kuna ganin haya abu ne mai sauƙi. Sai ka san wa yake karatu da abinci a hannu, kada ka ba shi sabo. Sai ka san wa yake lanƙwasa kunnen shafi, wa yake da awaki a gida. Na taɓa karɓar littafi daga wani tela ya yi lissafin awon mutane a duk inda ya samu fili, har da wuyan liman. Sai kuma ka iya kwaɗaita wa mutum labari ba tare da ka faɗi ƙarshe ba. Wannan kam na fi kowa iyawa, kuma ga dalili: ni kaina ban cika kaiwa ƙarshen ba. Ina karanta kashi biyu cikin uku, abin da zai ishe ni baki, sai wani buhun ya iso in ajiye. Lambar shafi nake bi har ƙarshe kamar yadda aka koya mini, amma lambar kawai. Mutane suna cewa Sale ya haddace shagonsa. Ban taɓa musa musu ba.

Littafin da ya jawo mini abin da zan ba ku labari, a ƙasan wani buhu na same shi dab da faɗuwar damina. Tsoho ne tun a lokacin, takardarsa ta yi ja, bangonsa ya tafi. Na yi masa na jan yadi, shi ke nan kowa ya koma ce masa Jan Bango, sunansa na ainihi ya bi ruwa. Labarin wani tsohon ɗan sanda ne, Sajan, da aka ɗauka ya gano akwatin zinariya da ya ɓace daga wani ayari tsakanin Agadas da Kano. Mutum huɗu ake zargi: madugu mai akwatin, da kukunsa, da mai masaukin baƙi, da wani akawu siriri mai tabarau da ke rubuta kayan ayarin. Akwai gudu a kan raƙumi, akwai faɗa a saman jirgin ƙasa, akwai wurin da aka tura Sajan cikin tsohuwar rijiya aka rufe da faifan ƙarfe. Irinsa ba a samu a lokacin, duk littattafan soyayya ne suka cika kanta.

Hajiya Zule ce ta fara ɗauka. Mai sayar da atamfa ce, kuma ita ce rabin cinikina, don ba ita kaɗai take karantawa ba. Da la'asar matan unguwarsu suna taruwa a gidanta, tana karantawa da ƙarfi suna tsinkar zogale, in littafi ya yi musu daɗi sai kowace ta aiko a ba ta nata. Ta kai rabi ta dawo mini da shi, wai shafuka suna zubewa, in ƙara masa ɗinki. Na ɗinke, na danne da dutse a ƙasa kusa da bango. Washegari aka aiko daga Dungu cewa yayana ya karye a ƙafa, ga gero ya isa noma. Na rufe shago na tafi da niyyar kwana goma. Sai da na yi mako biyar.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ruwa ya yi yawa, bangon shagon na baya ya jiƙe, gara ta taso daga ƙasa. Ina buɗe ƙofa na ji warin danyar ƙasa, na ga kanta ta yi ja daga ƙasa har sama kamar an yi mata yaɓe. Na ɗauki littafi na farko, bangon ya taso a hannuna, cikin ya zube. Haka na biyu, haka na uku. Sahu uku amalanke ta yi zuwa juji. Kajin unguwa suka yi sallarsu a bakin shagona, har mai su ya zo yana yi mini jaje yana kallon yadda suke ƙoshi. Abin da ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, yawanci littattafan lissafi na lakwal, makarantar boko, waɗanda ko gara ba ta so.

Na ɗaga dutse na ga Jan Bango. Daga sama lafiya lau. Daga ƙasa gara ta cinye bangon baya da shafi goma sha ɗaya na ƙarshe, ta tsaya daidai inda Sajan ya tara mutanen nan huɗu a tashar jirgi ya ce, yanzu zan gaya muku wanda ya ɗauki akwatin.

Kwana biyu da dawowata sai ga Hajiya Zule da kanta. Ta yi mini jaje yadda ya kamata, ta yi addu'a, sannan ta ce, "To Sale, mako biyar ke nan na bar bawan Allah a cikin rijiya. Mata sun dame ni."

Na ce, "Hajiya, ki ƙara mini mako ɗaya, akwai ɗan gyara."

Na hau mota zuwa Damagaram, ba wanda ya taɓa ganinsa. Na bi ta Ɗan Barto na shiga Kano, na kwana uku ina bin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Wani ya ce ya taɓa gani yana yaro. Wani ya ce in dawo bayan sallah. Wani ya so ya sayar mini da littafin koyon tuƙi. Na dawo hannu biyu, ga shago fanko, ga littafi ɗaya tak da mutane ke jira.

A makon nan ne kuma Mushe Idi ya shigo rayuwata. Mushe muke ce wa malamin lakwal. Shi kuma sabo ne da aka turo daga Kance, siriri, mai tabarau, da alli a aljihu kullum. Na sake rubuta allon shago bayan ruwa ya wanke shi, na sa "Ana hayar littatafai". Ranar kasuwa, ga mutane cike, ya tsaya ya kalli allon, ya gyara tabarau ya ce, "Ba haka ake rubutawa ba." Ya zaro alli ya ƙara mini harafin ta guda ɗaya. Masu shayi suka yi dariya. Na ce na gode, Mushe.

Kwana huɗu na yi ina tura ƙofar shago tsakanin azahar da la'asar, ina buga keke. Na karanta littafin sau biyu daga farko, karo na farko a rayuwata da na yi wa littafi haka, ina neman ɓarawo. Na kasa ganewa. Madugu dai kayansa ne aka sace. Kuku ya cika wauta. Mai masauki ya cika mugun fuska, da shi ne da an gane tun farko. Ya rage akawu. Kuma duk sanda na karanta "akawu mai tabarau", fuskar Mushe Idi nake gani. Sai na sa Sajan ya rubuta rahoto a gabansu da kuskure da gangan, akawu ya kasa haƙuri ya ce, "Ba haka ake rubutawa ba," ya karɓi alƙalami ya gyara, Sajan ya ga rubutunsa iri ɗaya ne da na wasiƙar ƙarya da aka yaudari ayari da ita. Sajan ya miƙe ya ce, "Akawu, cire tabarau, miƙo hannu." Na cika shafi goma sha ɗaya cif, na lanƙwasa ƙugiyoyi, na ɗinke, na yi sabon bango.

Na kai wa Hajiya Zule na ce, "A Kano na samu ɗan'uwansa wajen wani tsoho. Ya ƙi sayarwa, sai na kwafo."

Ta juya shafukan ta ce, "Allah Ya saka wa tsohon nan."

Jan Bango shi ya tashe ni. Kafin kaka layi ake bi, sai ka sa suna ka jira mako biyu. Wanda ya zo nemansa bai samu ba sai ya ɗauki wani kafin nan, da haka kanta ta sake cika. Sau huɗu na sake masa bango. Ƴan lakwal suna haɗuwa su biyar su ɗauka, su karanta a gindin bishiyar bedi. Su ne suka fara tsokanar. Mushe Idi yana wucewa a kan kekensa sai a ji murya daga bayan katanga, "Akawu, cire tabarau!" Ya yi horo, ya kai ƙara wajen iyaye, abin ya ƙara yaɗuwa. Waɗancan yaran suka girma suka koya wa ƙannensu. Wani babban mai duba makarantu ya taɓa zuwa daga Damagaram ya kira shi Mushe Akawu a gaban aji, ya ɗauka sunansa ke nan. Ranar auren ƴarsa maroƙi ya yi masa kirari da shi. Akwai shekarar da za a ba shi makullin ɗakin ajiyar kayan lakwal, wani uba ya ce a taron, wai da wasa, a dai tuna da akwatin madugu. Aka yi dariya, amma makullin wani aka ba.

Shi ma ya karanta littafin, a nan ya ɗauka. Da ya dawo da shi ya ce mini, "Labari mai kyau, amma marubucin ya gaji a ƙarshe." Na ce ai haka tsofaffin marubuta suke. Sau biyu cikin shekarun nan na tare shi a hanya da niyyar in gaya masa. Duka biyun lafiyar iyali na tambaye shi.

Sauran kun sani, a gabanku aka yi. Salula ta zo, labari ya koma cikinta, masu haya suka ragu har suka zama tsofaffi shida da ni na bakwai. Na koma ɗinke takardun ƴan makaranta da yi wa Alƙur'ani gafaka, na jawo waya na jera muku wurin caji. Jan Bango yana kan kanta, shekara biyu ba wanda ya taɓa shi. Na ɗauka magana ta mutu.

Bara, ranar kasuwa da hantsi, ina yanka kwali sai ga Mushe Idi. Ya ajiye aiki, gemu ya yi fari, tabarau ya ƙara kauri. Muka gaisa. Ya ce in miƙo masa Jan Bango. Ya buɗe daidai inda bugun keke ya fara, ya shimfiɗa a kan tebur, ya zaro salula ya ajiye a gefensa.

Ya ce, "Malam Sale, tsohon nan na Kano da ka kwafo a wajensa, yana da rai?"

Na ce, "Allah kaɗai Ya sani, Mushe, an daɗe."

"Da na so in gaishe shi. Don duk duniya shi kaɗai yake da wannan ƙarshen."

Ashe ƴarsa da ke aure a Yamai ta saka masa wata manhajar littattafai a salula don ya rage zaman banza. Magadan marubucin sun ba da tsofaffin littattafansa an saka a ciki, aka yi sanarwar rangwame na mako guda. Yana dubawa ya ga sunan littafin na ainihi, wanda ke rubuce a shafin farko. Ya ce abin da ya biya bai kai na shayi da burodi ba. Kwana biyu ya cinye shi.

Ya ɗaga murya ya fara karantawa, da muryar nan tasa ta aji. Mai shayi ya bar tukunya ya matso, masu kabu-kabu biyu suka kashe mashin, wasunku ma suna nan. Sajan ya tara mutum huɗu a tasha, ya juya ya nuna madugu. Shi ya binne akwatinsa da hannunsa don ya cinye rabon abokan tafiyarsa. Akawu kuwa, shi ne ya ɗaga faifan ƙarfen ya zura wa Sajan igiya a rijiya bai bari an gan shi ba, shi ne kuma ya ajiye takardar da ta kama madugu. A shafin ƙarshe Sajan ya cire hularsa ya gaishe shi a gaban jama'a.

Na ce, "To ai wataƙila bugu biyu aka yi."

Ya ɗago salular daga kan tebur.

Na ce, "Ko kuma masu salular nan ne suka canza, ka san su."

Ya buɗa allon da yatsu biyu ya kawo mini dab da hanci. Hoton tsohuwar takardar ce, ga jan da ta yi, ga lambar shafi, ga ma tabon yatsan wani a gefe. Na dubi mai shayi, shi ma a Jan Bango ya koyi karatun Hausa. Na ajiye almakashi.

Na ce, "Ni na rubuta, Mushe. Ba wani tsoho. Gara ta cinye, na nema ban samu ba."

"Da maganar ba haka ake rubutawa ba?"

"Ita ma ni ne."

"Saboda ta ɗaya?"

"Saboda ta ɗaya."

Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya mayar ya ce abu biyu yake so. In farke shafukan nan in ba shi. Sannan in tashi yanzu mu je gidan Hajiya Zule, in faɗa da bakina, tunda ita na fara yi wa ƙaryar.

Na sa reza na farke. Muka bi ta tsakiyar kasuwa, yana gaba da takardu a hannu, ina biye kamar wanda aka kama da akuya. Hajiya Zule ta tsufa, ido ya yi rauni, ta bar fita kasuwa. Muka yi sallama aka shigar da mu, tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki. Bayan gaisuwa na durƙusa na zayyana mata komai, tun daga Dungu har keken rubutu. Ban ɗaga kai ba sai da na ji wani sauti. Dariya take yi, har da tari, har sai da aka kawo mata ruwa.

Ta ce, "Sale, Sale. Yanzu shekara ashirin da wani abu kana ɗauke da wannan a ciki kamar ka yi kisa?"

Na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

"Littafin nan fa a Najeriya aka rubuta shi. Tun daga farko ɗan sanda ne, ofis ne, caji ofis ne. Muna shiga wurin da ka buga sai ga jandarma. Sai ga buro. Sajan ya ce a wuce da ɓarawo komisariya. A Kano! Ranar da na karanta wa mata, sai da marigayiya Ta Annabi ta zame daga kan kujera. Muka ce wannan tsohon na Kano a bakin kasuwar Matameye yake zaune."

Na ce, "Kun sani?"

"Duk macen da ta zauna a gidan nan ta sani."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Shagonka yana shirin mutuwa. In ya mutu a ina za mu samu littafi? Kuma in mun gaji da kukan masoya, sai in aika a ɗauko shi mu karanta wurin jandarman mu huta."

Wato layin da nake alfahari da shi, rabinsa na masu zuwa dariya ne. Ta juya wajen Mushe Idi ta ce, "Kai kuma Mushe, kai da kake gyara wa gari rubutu, ba ka ga jandarma a Kano ba?"

Ya dubi takardun da ke hannunsa, ya kai su kusa da ido, ya daɗe. Ya ce, "Wallahi Hajiya ban gani ba. Akawun nake ta kallo."

Nan dariyarta ta tsaya. Ta ce, "Wannan kam mu ma da laifinmu. Mun ji sunan da yara suka sa maka, mun san inda ya fito, muka yi shiru don muna jin daɗin abinmu. Ba mu ɗauka zai bi ka har furfura ba. Ka yafe mana."

Ya ce ya yafe. Ni bai dube ni ba. Ta ce to ya karanta mata na gaskiyar, tun kafin ta mutu ba ta san wa ya ɗauki akwati ba. Ya gyara zama ya karanta mata daga salula, matan gidan suka fito suka tsaya a bakin ƙofa. Da ya kai wurin madugu ta buga cinya ta ce, "Na faɗa! Tun a rijiya na ce mutumin nan kukansa ya yi yawa."

Labari ya riga ni komawa kasuwa. Mako guda ba na iya zuwa sayen goro sai an ce mini ina kwana marubuci. Wasu tsofaffin ɗaliban Mushe Idi, manya da iyalinsu, suka je har gida suka ba shi haƙuri. Sunan dai bai fita ba, ya riga ya kama, sai dai yanzu in an ce Akawu yana amsawa, har ya ƙara da cewa shi ne mai igiya. Mutane suka yi ta zuwa neman Jan Bango, na ce ba ya da ƙarshe, mai so ya saya a salula. Suka duba suka tarar rangwamen ya ƙare, kuɗi ya koma yadda yake. Wannan ma ni aka zaga.

Bayan kwana tara sai ga shi ya dawo. Ya ajiye mini shafukana goma sha ɗaya a kan tebur. Ban gane su ba, jan bik ya rufe su. Ya ja layi a ƙarƙashin kowane jandarma, ya zagaye ƙugiyoyi goma sha huɗu da na manta, a wani wuri ya rubuta "wa yake magana a nan?", a wani wurin "raƙumin da ya mutu a shafi na casa'in ya dawo". A saman shafin farko ya sa maki kamar yadda yake sa wa ƴan aji: bakwai bisa ashirin.

Na ce, "Haba Mushe, bakwai?"

Ya ce, "Biyar ne. Biyun na ƙara maka don ka je gidan Hajiya da ƙafarka."

Sannan ya ja benci ya zauna, ya ce wa mai shayi ya kawo biyu. Ya ce in duba masa a kanta ko akwai wani littafin ɗan sanda, amma wanda ban taɓa gyarawa ba.